CIWON SUGA DA LAFIYAR HUHU A ƘASAR KAZAURE

Lacca ga ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan Achilafiya da kewayenta



Muna godiya ga shugabannin ɗalibai da suka ba mu wannan dama. An nemi mu yi magana a kan ciwon suga, mu kuwa muka ga zai fi amfani mu tsuke bakin zancen, mu ɗauki gefe guda wanda ba a cika taɓawa ba, watau irin ɓarnar da ciwon nan yake yi wa huhu da numfashi. Kowa a ɗakin nan ya sha jin cewa suga na makantar da ido, yana lalata ƙoda, yana sa a yanke ƙafa. Amma da za mu tambaya ko wa ya taɓa jin cewa suga na share wa tarin fuka hanya, da wuya hannu biyar su tashi.

Maganar da muka zo da ita guda ɗaya ce, muna kuma roƙo ku riƙe ta ko da kun manta da sauran. Duk mai ciwon suga da ya yi mako 2 yana tari, a kai kakinsa a auna. Duk wanda aka samu da tarin fuka kuma, a ɗebi jininsa a auna suga. Sauran bayanin da zai biyo baya hujjoji ne na wannan magana.

Ƙasar da muke magana a kanta

Achilafiya tana cikin Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi ta masarautar Kazaure, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Da ita da maƙwabtanta na Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da Ɓaɓura, duk ƙasar noma da kiwo ce, ƙasar gero da dawa da wake da gyaɗa. Shi ya sa da yawa daga cikinmu suka taso da tunanin cewa suga ciwon attajiran birni ne, ba ruwan manomi da shi.

Akwai ƙamshin gaskiya a wannan tunani, sai dai gaskiyar tana nuna mu ne da yatsa. Dokta Anas Sabir da abokan aikinsa sun auna Fulani a Jihar Sakkwato kashi biyu. A cikin mazauna birni, bisa rahotonsu na 2011, sun sami masu suga kashi 4.6 cikin 100. A cikin mazauna ƙauye kuwa, bisa rahoton 2013, abin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Jinsi ɗaya ne, jini ɗaya, abin da ya bambanta su shi ne cima da zaman wuri ɗaya. To, wa ke barin gona ya koma kujera, ya bar tafiyar ƙasa ya hau babur, ya bar fura ya kama lemon kwalba? Mu ne, ɗalibai da ma'aikata.

A ƙasa baki ɗaya, Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokansa sun tattara binciken da aka yi a sassan Nijeriya, suka wallafa a 2018 cewa masu suga sun kusa kashi 6 cikin 100, arewa maso yamma kuwa kimanin kashi 3. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manyan mutane miliyan 24 ne ke da shi a Afirka, fiye da rabinsu kuma ba su san suna da shi ba. Wannan rabin da bai sani ba shi ne abin damuwarmu, domin wanda bai san yana da ciwo ba ba ya neman magani.

Mene ne ciwon suga?

Duk tuwon da muka ci, ko shinkafa, ko burodi, ciki yana narkar da shi ya mai da shi wani irin suga, ya zuba cikin jini. Wannan suga shi ne makamashin jiki. Amma ba ya iya shiga cikin tsoka sai da mabuɗi, mabuɗin kuwa shi ne sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take yi, likitoci na kiranta fankiriyas. Idan gaɓar nan ta daina yin insulin gaba ɗaya, shi ne nau'i na 1, wanda ya fi kama yara da matasa. Idan kuwa tana yi amma bai isa ba, ko jiki ya daina jinsa, shi ne nau'i na 2, wanda kimanin mutum 9 cikin 10 na masu ciwon suke da shi. Ko wanne ne, suga yana taruwa a jini, tsoka kuwa tana zaune da yunwa.

Alamunsa sanannu ne: yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwa da ba ta yankewa, rama alhali ana cin abinci, kasala, da miki mai wuyar warkewa. Amma nau'i na 2 yakan yi shekaru bai nuna alama ba. Awo ne kaɗai ke tona shi. Idan aka auna mutum da safe kafin ya karya aka sami milimol 7.0 ko fiye a litar jini, watau 126 a ɗaya ma'aunin, aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to ciwo ya tabbata.

Yadda suga yake taɓa huhu

Huhu kamar zugazugin maƙeri yake, yana buɗewa yana rufewa sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya ga baligi mai lafiya. A cikinsa akwai 'yan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi, kowace a lulluɓe da jijiyoyin jini waɗanda suka fi gashi siranta. Tsakanin iska da jini ɗan tantani ne kawai, ta cikinsa iskar oksijin take ratsawa ta shiga jini, gurɓatacciyar iska kuma ta fito. Suga yana yi wa wannan tsari lahani ta hanyoyi uku.

Ta farko, yana manne wa zaren naman da ke sa huhu talewa, ya sa shi ya yi tauri. Kowane maƙeri ya san abin da ke faruwa idan fatar zugazugi ta bushe: ana zuga, iska ba ta fita yadda ya kamata. Haka nan yana kaurara ƙananan jijiyoyin jini na huhu, kamar yadda yake yi wa na ido da na ƙoda. Wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya haɗa bincike 40, ya nuna cewa yawan iskar da mai suga yake iya shaƙa ya fitar yana ƙasa da na mai lafiya da kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin 100. Wannan ragi kaɗan ne, mutum ba ya jinsa yana zaune ƙalau. Ranar da ciwon ƙirji ya kwantar da shi ne ake neman wannan ɗan rarar a rasa.

Ta biyu, kuma ita ce babba, suga yana raunana garkuwar jiki. A bakin kowace jakar iska akwai fararen ƙwayoyin jini, su ne dogaran jiki, aikinsu su kama ƙwayar cuta su haɗiye ta su kashe. Idan suga ya yi yawa a jini, dogaran nan sukan yi nawa wajen isa inda abokin gaba yake, in sun isa ma ba su kashe shi sarai. Daɗin daɗawa, sugan yana tsattsafowa cikin ruwan da ke shafe da hanyoyin iska, ya zama abinci ga ƙwayoyin cuta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Suga shi ne mai tsaga bangon.

Ta uku, ciwon da ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙo, har da masu kula da tumbi. Abinci yakan daɗe a ciki, ya riƙa tasowa, wani lokaci ya kuskure ya faɗa hanyar iska, musamman ga tsofaffi.

Suga da tarin fuka

Tun kafin a san ƙwayar tarin fuka likitoci suka lura cewa cututtukan nan biyu abokan tafiya ne. Robert Koch ya bayyana ƙwayar a Jamus ran 24 ga Maris, 1882. Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa a Janairun 1922. Kafin wannan lokaci, mai suga da ya tsira daga dogon suma, sau da yawa tarin fuka ne yake ƙarasa shi. Da magunguna suka samu, tarin ya ja baya a Turai da Amurka, sai aka manta da wannan alaƙa. Yanzu ta dawo, kuma a ƙasashe irin namu ta dawo, inda tarin bai tafi ba suga kuma ya iso.

Ga yadda abin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar tarin fuka. A jikin mafi yawansu garkuwa takan yi mata ƙawanya, ta zauna a ɗaure ba ta cutar da kowa, mutum 5 zuwa 10 ne kawai cikin 100 ciwon yake tasar musu a tsawon rayuwa. Abin da ke kwance ta shi ne raunin garkuwa, ko ta ƙanjamau, ko ta yunwa, ko ta taba da giya, ko ta suga. A 2008 Christie Jeon da Megan Murray na Jami'ar Harvard suka tattara bincike 13, suka nuna cewa mai suga ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da tarin fuka kimanin sau 3.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya kusa mutum rabin miliyan a shekara ɗaya. A wani awo da aka yi wa masu tarin fuka 4,000 a Legas, wanda aka wallafa a 2015, an sami kimanin kashi 12 cikin 100 suna da suga, fiye da rabinsu kuma a nan ne suka fara jin labari.

Idan biyun suka haɗu a jiki ɗaya, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Tarin fuka yana ta da suga sama, sugan kuma yana jinkirta warkewar tarin. Nazarin da Meghan Baker da abokanta suka wallafa a 2011 ya nuna cewa mai suga ya fi haɗarin mutuwa a lokacin shan maganin tarin kusan ninki 2, ya kuma fi haɗarin ciwon ya dawo bayan ya gama magani kusan ninki 4. Har ila yau magungunan kansu suna karo da juna. Rifamfisin, wanda shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka, yana sa hanta ta gaggauta narkar da wasu ƙwayoyin suga, irin su gilibenkilamaid, sai ƙarfinsu ya ragu. Aisoniyazid kuma yana iya ƙara jimirwar ƙafa da zugin da suga ya riga ya fara, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Likitan da bai san majinyacinsa yana da ciwo na biyu ba, yaya zai yi ya daidaita waɗannan?

A nan ne babbar matsalar take, domin alamun cututtukan biyu suna kama da juna. Mu ɗauka wani magidanci ne a Achilafiya, mai shekara 50 da 'yan kai. Ya rame, ƙarfinsa ya ragu, yana gumin dare, yana ɗan tari. In an riga an san yana da suga, sai iyali su ce ai sugan ne ke cinsa, tarin kuwa sanyin hunturu ne, a sayo masa maganin tari a kemis. Wata uku yana kwana ɗaki ɗaya da iyalinsa, yana sahu ɗaya da jama'a, yana yaɗa ƙwayar bai sani ba. In kuwa tarin fukan aka fara ganowa, sai a ɗora masa duk laifin ramar, ba wanda ya tuna da awon jini. Ya sha magani, sauƙi ya ƙi samuwa yadda ake zato, sai a fara raɗe-raɗin sammu ko jifa, a bar asibiti a koma wani wuri.

Saboda irin wannan ne a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da Ƙungiyar Ƙasa da Ƙasa ta Yaƙi da Tarin Fuka da Cututtukan Huhu, suka fitar da tsarin haɗin gwiwa wanda ya ce a riƙa binciken tarin fuka ga masu suga, a riƙa binciken suga ga masu tarin fuka. Kayan aikin kuwa akwai su. Na'urar GeneXpert, wadda hukumar ta amince da ita a 2010, tana gano ƙwayar a cikin kaki cikin kamar awa 2, har ta faɗi ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin. Awon kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta, wanda yake da cibiyar horar da ma'aikata a Saye, kusa da Zariya. Maganin wata 6 ne, wata 2 ana shan iri huɗu, wata 4 ana shan iri biyu. Awon suga kuwa ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa.

Sauran cututtukan ƙirji

Ban da tarin fuka, akwai limoniya, wadda muke kira ciwon haƙarƙari. Wani babban bincike da aka yi a Denmak, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa masu suga sun fi sauran jama'a haɗarin kwanciya asibiti saboda limoniya da kimanin kashi 26 cikin 100, waɗanda sugansu ya yi sama ƙwarai kuwa da kimanin kashi 60. Darasin da ke ciki shi ne, haɗarin yana bin yawan sugan, wanda ya riƙe nasa da kyau ya rage wa kansa.

Annobar korona ta ƙara fito da wannan fili. An tabbatar da ita a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, ta kuma bayyana a Kano cikin Afrilu. Ba mu manta da yawan jana'izar da aka yi a Kano a wannan wata ba, yawanci ta dattawa. A watan Yuni na shekarar, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya nuna mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen suna da nasaba da korona, a jikin mutanen da dama suna fama da wasu cututtuka. A Ingila, inda lissafi ya fi cika, kashi ɗaya cikin uku na waɗanda korona ta kashe a asibiti a farkon annobar masu suga ne.

Sannan akwai wani numfashi da ya wajaba kowa ya gane shi. Idan insulin ya yi ƙaranci ƙwarai, jiki yakan koma ƙona kitse, abin da ke fitowa daga ƙonawar kuma ya sa jini ya yi tsami. Sai huhu ya shiga ƙoƙarin rage tsamin, majinyaci ya riƙa jan dogon numfashi mai zurfi ba ƙaƙƙautawa, bakinsa yana wani wari kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, ga amai, ga ciwon ciki, ga magagi. Wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, shi ya siffanta shi a 1874. A ƙauye akan ɗauka asma ce ta tashi, ko iska ce ta taɓa shi. Huhun lafiyarsa lau, jinin ne ya lalace, abin da yake bukata kuwa ƙarin ruwa ne da insulin a asibiti. Wanda aka kwana da shi a gida ana jiran gari ya waye, sau da yawa ba ya ganin wayewar.

Kada mu manta da minshari. Mutum mai ƙiba da ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, yana wuni yana gyangyaɗi a ofis, ya kamata ya ga likita, domin wannan lalura tana yawan tafiya tare da suga da hawan jini.

Hazo, hayaƙi da taba

Huhun da suga ya raunana, a ƙasarmu ba ya samun hutu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe mu da hazo. Lokacin ne kuma ake sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi yana tashi. Lokacin ne ake rufe ƙofa da taga, a shigar da kaskon wuta ɗaki, mutum shida ko bakwai su kwana suna musayar numfashi, abin da ƙwayar tarin fuka take so ke nan. Iyayenmu mata kuwa rani da damina suna gaban murhu, suna shaƙar hayaƙin itace da kara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020.

Waɗannan ba mu muka zaɓe su ba. Taba kuwa da shisha, mu muke saye da kuɗinmu. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2014 ya nuna cewa mashayin taba ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa da suga nau'i na 2 da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ban da abin da take yi wa huhu kai tsaye. Haka nan muna jan kunnen 'yan'uwa game da ƙwayoyin da ake saye ba da izinin likita ba, irin su deksametason, waɗanda wasu ke sha don asma ko ciwon gaɓoɓi, wasu kuma don su yi ƙiba. Ƙwayoyin nan suna ta da suga, suna kuma kwantar da garkuwar jiki, watau ɓarna biyu a lokaci guda.

Aikin da ya rataya a wuyanmu

'Yan'uwa, a gidajenmu da dama mu ne ake kira idan takardar asibiti ta zo, mu ake tambaya ko a sayi magani ko kada a saya, mu ne kuma masu aika kuɗin. Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka.

Na ɗaya, mu fara da kanmu. Wanda ya kai shekara 35, ko yake da ƙiba, ko akwai mai suga a danginsa, ya auna jininsa. Mai juna biyu kuma ta tabbata an auna ta a wurin awon ciki.

Na biyu, idan mun je gida hutu mu saurari tarin iyayenmu. Tarin da ya kai mako 2, ko mai jini, ko mai tafe da zazzaɓi da gumin dare da rama, a kai shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Kazaure, a nemi awon kaki. Abin da ya fi ƙarfin nan akwai Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Na uku, idan an sami wani namu da tarin fuka, mu buɗe baki mu roƙi malamin asibiti ya auna masa suga, a kuma sake aunawa bayan an yi nisa da magani, domin zafin ciwo kaɗai yakan ta da suga na ɗan lokaci. A gaya wa likita duk maganin da yake sha. A kai mutanen gidan su ma a duba su. A tsaya masa har ya cika wata 6, ko da ya ji garau tun a wata na biyu, domin yanke magani shi ke haifar da ƙwayar da ba ta jin magani.

Na huɗu, kada a kashe mai suga da yunwa. Mun san yadda akan hana dattijo komai, a bar shi da ɗan abu ɗaya kullum har ya ƙare. Ƙarancin abinci shi kansa babbar ƙofa ce ta tarin fuka. Tuwon dawa ko na gero daidai gwargwado, da wake, da miyar kuka ko kuɓewa, da zogale da rama, da ƙwai ko kifi in da hali, duk abincinsa ne. Abin da zai bari shi ne lemon kwalba, da zuba suga a shayi da koko da fura. Ganye abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin ƙwaya ko allurar da likita ya rubuta. Maganar azumi kuma a shawarci likita tun kafin wata ya kama, addini ya riga ya yi wa marar lafiya sauƙi.

Na biyar, iska. A buɗe taga, a fitar da garwashi kafin a kwanta, a yi girki inda hayaƙi zai sami mafita, a rufe hanci ranar hazo da wurin shiƙa. A kai jarirai a yi musu allurar BCG da sauran na rigakafi.

Na shida ya shafi ma'aikata. Wasunku suna sakatariyar ƙaramar hukuma, wasu gobe za su zauna a ma'aikatar lafiya a Dutse, su ne za su rubuta kasafi. Na'urar awon suga 'yar ƙarama ce, tana shiga aljihu. Ku yi ƙoƙari a ajiye ta, da tsinkayen awonta, a kan kowane tebur da ake ba da maganin tarin fuka, a kuma sa tambayar tari cikin abin da ake yi wa kowane mai suga ranar da ya zo asibiti. Malaman makaranta da ke cikinku kuma suna da ranaku biyu na faɗakarwa a shekara, 24 ga Maris ta tarin fuka, da 14 ga Nuwamba ta ciwon suga.

Kammalawa

Mun ga yadda suga yake taurara huhu, yake raunana dogaran da ke tsaronsa, yake ninka haɗarin tarin fuka kimanin sau 3, yake kuma tsananta limoniya da makamantanta. Mun ga cewa tarin fuka yana warkewa, suga kuma ana iya riƙe shi a rayu da shi shekaru masu yawa, muddin an san da zaman kowannensu. Abin da ke kashe mutanenmu shi ne a yi jinyar ɗaya a bar ɗaya a ɓoye. Iyayen da suka sayar da amfanin gona suka biya mana kuɗin makaranta suna da haƙƙin wannan sani a kanmu, kai shi gare su kuwa ba ya bukatar digirin likita, tambaya biyu ce kawai: an auna kakin? An auna jinin?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu ita kiyayewa.